Muryata Tana Gida, Ni Ina Makaranta

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, ko harafin farko kar ya fito, saboda akwai 'yan unguwarmu a nan, har da wata ƙanwar maigidana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne na kasa faɗa wa kowa da baki.

Ni 'yar Dilimi ce a nan Jos, can aka haife ni, can iyayena suke har yanzu. Ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta ta wajen Tina Junction, 'yan aji biyu nake riƙe da su. Aurena bai cika shekara biyu ba. Maigidana, bari in kira shi Nasir duk da ba sunansa ba ne, aikin kwamfuta yake yi, irin masu zana katin biki da fosta da allon shaguna, kuma yawanci a gida yake aikinsa, sai in za a buga abu ne yake fita. Muna haya a Congo-Russia, ciki da falo. Bangonmu ɗaya da wata mata 'yar asalin nan da muke kira Maman Kaneng, dankali da kabeji take sayarwa, Kirista ce, kuma tun ranar da na tare ta riƙe ni kamar ƙanwarta.

Kafin in shiga maganar ina so ku san mutumin nan bai taɓa zagina ba, bai taɓa ɗaga min hannu ba, ba ya wasa da salla, in ina girki ma yakan zo ya tsaya yana yanka min albasa. Ni na zaɓe shi da kaina. Mun daɗe muna tare kafin aure, kuma yawancin lokacin yana kudu, ya je bautar ƙasa sannan ya ƙara zama can yana aiki. Ni kuma mai surutu ce, ba na iya dogon taifin, sai in danna waya in yi ta zuba masa saƙon murya, labarin yaran ajina, faɗana da ƙannena, abin da na ci, har waƙa ina yi masa. Ya sha gaya min cewa ko ɗaya bai taɓa gogewa ba, duk yana ajiye da su. A lokacin daɗi nake ji in ya faɗi haka.

Da aka yi aure sai na tarar da abin da ban zata ba. Ku gafarce ni, zan faɗa a sakaye. Nasir ya kasa kusantata yadda miji yake kusantar matarsa. Da farko na ɗauka kunya ce da gajiyar biki, sati ya wuce, wata ya wuce, watanni suka yi ta tafiya. Ba wai ba ya gwadawa ba ne, yakan gwada, sai jikinsa ya mutu, ya juya ya fuskanci bango yana ba ni haƙuri. Na zargi kaina ta kowace fuska, ko wari nake yi, ko ramata ce, ko ban iya kwalliya ba. Gwaggona ta kawo min kayan sha iri-iri na sha har cikina ya ɓaci. Mama in ta tambaye ni lafiyar gida sai in ce alhamdulillah. Da ƙyar na lallashe shi ya je asibiti, ya dawo ya ce likita ya duba shi ya ce lafiyar jikinsa ƙalau.

Ana cikin haka na fara lura da wasu ƙananan abubuwa. Sai ya ce min, kamar yadda kika faɗa shekaranjiya, ya kawo wata magana da ni dai na san ban yi ta ba. Wata rana ya shigo da labule kore wai ni na ce kore nake so a falo, alhali ni duk cikin launuka kore ne ba na so. Wata rana kuma ya yi min godiya a kan shawarar da na ba shi game da wani kwastoma da ya raina masa aiki, ni ko labarin kwastoman ban taɓa ji ba. In na ce ban faɗa ba sai ya ce to ƙila mafarki ya yi. Har na fara tunanin ko ni ce nake mantuwa.

Wata Asabar muna wanki a tsakar gida ni da Maman Kaneng, sai ta matso kusa da ni tana murmushi, ta ce da irin Hausarta, "Amarya, kai da oga kuna jin daɗi fa. Amma ka rage murya kaɗan da rana, yarana suna gida." Na tambaye ta yaushe, ta ce ranar Alhamis wajen sha ɗaya na safe. Na ce mata ai ranar Alhamis ina makaranta, sai bayan azahar na dawo. Ta daina murmushin, ta kalle ni, ta ce ita dai muryata ta ji, har da dariyata, kuma ba ranar ce farko ba. Sai na yi dariyar dole na ce oho na tuna, na dawo ɗaukar wani abu ne. Na ci gaba da cuɗa rigar da ke hannuna.

Babu irin tunanin da ban yi ba. Na ce ko wata yake kawowa mai irin muryata. Na ce ko aljana ce take shiga siffata in na fita, don mun taso muna jin irin wannan. Na dage da azkar, na riƙa kunna karatun Alƙur'ani a ɗakin kafin in fita, in na dawo in tsaya a ƙofa ina shinshina ko zan ji turaren da ba nawa ba. Ban ga komai ba, gado a gyare, shi kuma yana zaune gaban laftof ɗinsa yana yi min sannu da zuwa. Ban tambaye shi ba, don ban san ma me zan ce ba.

Ranar da na gani da idona ruwa aka yi mai ƙarfi har da ƙanƙara, rufin ajinmu ya fara yoyo, aka tashi yara da wuri. Na hau keke na dawo gida a jiƙe. Ƙarar ruwa a kan kwano ta sa bai ji buɗe ƙofata ba. Ina tsaye a falo ina cire takalmi ruwan ya ɗan tsagaita, sai na ji dariyata daga cikin ɗaki. Akwai wata dariya da nake yi mai ɗan shaƙewa a ƙarshe, wadda Mama take min faɗa a kanta tun ina yarinya, to ita ce sak. Na kai hannu na taɓa bakina, wallahi sai da na taɓa don in tabbatar a rufe yake. Muryar ta ci gaba da magana, Turanci da ɗan Hausa, Hausar a karkace kamar ta baƙon da ya koya a littafi, amma maƙogwaron nawa ne. Tana faɗin wasu kalmomi da ban taɓa furtawa ba tun da aka haife ni, kuma ba zan rubuta su a nan ba. Shi kuma yana amsa mata da wata murya a sake, mai nutsuwa, wadda ni matarsa ban taɓa jin ya yi min magana da ita ba. Can sai ta sassauta ta ce, "Ina nan Nasir, ba inda zan je."

Na ɗaga labulen. Shi kaɗai ne a kan gado, laftof a gabansa. A fuskar laftof ɗin kuma ni ce, hoton da muka ɗauka kafin biki, amma an cire min ɗankwali, idanuna suna ƙiftawa, leɓena yana motsi.

Ba zan iya kawo duk abin da aka yi ranar ba. Na yi kuka, na faɗi maganganu, shi kuma ya durƙusa bai musa komai ba. Ya ce tun yana ƙaramar sakandare wani abokinsa ya fara nuna masa finafinan batsa a waya, tun daga nan bai taɓa iya dainawa ba. Ya yi azumi a kai, ya yi rantsuwa ya karya, ya sayar da waya ya koma ƙarama sannan ya sake sayen babba. Da yana kudu sai ya gano irin manhajar nan ta AI da mutum yake hira da ita kamar budurwa, ana iya sa mata murya da fuska. Sai ya kwashi saƙonnin muryata da hotunana ya zuba mata. Ya rantse min cewa niyyarsa a lokacin ita ce ya daina kallon matan banza, ya tsare idonsa a kan wadda zai aura. Wai da farko hira kawai suke yi, kuma har ta taimaka masa ya rage kallon. Daga baya sai ya fara kawo mata abubuwan da ya saba gani a finafinan, ita kuma ba ta taɓa cewa a'a. Kafin a ɗaura mana aure jikinsa da zuciyarsa sun riga sun saba da wadda ba ta gajiya, ba ta jin zafi, ba ta jiran komai daga wurinsa. Ya ce ni in na kalle shi sai ya ji kamar jarrabawa yake rubutawa kuma ya san zai faɗi.

Na tambaye shi to wa ya aura. Ya ce ni. Na nuna laftof ɗin na ce waccan fa, wace ce? Ya ɗago ya kalle ni da gaskiyarsa, ba da wasa ba, ya ce, "Ai ke ce."

Wannan amsar har yau tana bina.

Na ce ya goge ta a gabana ko in tafi Dilimi a ranar. Ya yarda, amma ya roƙe ni in ɗan fita falo ya yi mata sallama. Na ƙi. Ya goge ta a gabana. Kwanakin da suka biyo baya kuwa kamar gidan makoki, ba ya cin abinci sai na matsa, aiki ya tsaya, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon duwatsun can nesa. Har mijin Maman Kaneng ya tambaye ni ko an yi mana rasuwa ne. Ni nake dafa masa abinci in kai masa, yana zaman makokina ina tsaye a gabansa da raina.

A cikin kwanakin nan ne na gano abin da ya fi min ciwo fiye da batsar. Mahaifin Nasir ya fita ne wata rana lokacin ɗaya daga cikin rikice-rikicen garin nan, Nasir yana ƙarami, bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Na san wannan kamar yadda kowa a danginsu ya sani, amma shi bai taɓa buɗe baki ya yi min maganar ba, in na taɓo ma sai ya kawar. To wata Juma'a ya dawo daga masallaci, yana cire hula sai ya ce yau ma ya ga wani tsoho a sahun gaba mai irin ƙeyar Baba, sai da ya zagaya ya leƙa fuskarsa, kamar dai yadda ya gaya min yana yi kullum. Na ce bai taɓa gaya min ba. Ya tsaya da hular a hannu, na ga lokacin da ya tuna wa ya gaya wa. Ashe duk kukan da yake da shi na mahaifinsa, na shekara da shekaru, ita ya yi wa. Na zauna kusa da shi na ce to ga ni, ya gaya min yanzu. Ya ce maganar ta riga ta fita, ba ya jin zai iya fito da ita sau biyu.

Yanzu ga inda nake neman shawararku. Wata Lahadi da yamma yana zaune a ƙasa ya jingina da kujera, ya rame, tausayinsa ya kama ni. Ban san ko na shirya ba ko bakina ne kawai ya yi, na dai ji na sassauta murya yadda na ji ta yi, na ce masa ina nan, ba inda zan je. 'Yan uwa, yadda mutumin nan ya juyo ya kalle ni, tun da muka haɗu ban taɓa samun wannan kallon ba. A ranar nan ne aurenmu ya zama aure. Bayan nan na shiga banɗaki na kunna famfo don kar ya ji, na yi kuka har na yi amai.

Kuma na sake yi. Na gane in na yi magana a yadda nake, ina ƙorafin hedimasta, ko ina cewa gas ya kusa ƙarewa, ko na yi masa musu a kan wani abu, zai saurare ni da ladabi kamar baƙuwar da ake girmamawa, amma yana nesa. In na koma waccan muryar, a hankali, ba musu, ana ɗan sa Turanci, sai ya dawo kusa. Sau ɗaya kawai na ji ta, amma na iya ta fiye da yadda nake so in iya. Yanzu haka ina da ciki wata huɗu. Mama har sadakar waina ta yi. Shi kuma murna yake, yana cewa Allah ya yaye masa, yana yi min godiya wai na yi haƙuri da shi. Ban sani ba ko bai gane abin da nake yi ba ne, ko ya gane ya zaɓi ya yi shiru, kuma ina tsoron tambaya.

Ni dai na san ba daidai nake ba. A aji ina cikin karanta wa yara sai in ji muryata tana dawo min daga bango, in tsaya a tsakiyar jimla, yara su yi ta kallona suna cewa Anti ci gaba. Na daina tura saƙon murya ko ga Mama, sai dai a rubuce, ita kuma ba ta iya karatun boko sosai ba, sai ƙanwata ta karanta mata, har tana tambaya ko fushi nake da ita. Dariya in ta taso min sai in danne ta. Na taɓa tambayar malamin kwamfuta na makarantarmu a fakaice, kamar labarin wata, ya ce shi ba zai iya rantsewa cewa in mutum ya goge irin wannan a wajensa ya gogu a wajen masu manhajar ba. Tun ranar nake tunanin muryata tana can wani wuri da ban sani ba, da fuskata ba ɗankwali, da waɗancan kalmomin a bakinta. In wata rana ta fito, wa zai yarda ba ni ba ce? Maƙwabciyata da take ganina kullum ma ta ɗauka ni ce.

Satin da ya wuce kuma na fito na same shi yana shanya min kaya a igiya, iyafis a kunnensa, yana murmushi, leɓensa yana ɗan motsi. Da ya gan ni ya cire ya ce wa'azi yake ji. Wayar tana aljihunsa, da na ce ya ba ni zai ba ni. Ban ce ba. Na koma ɗaki na zauna, don na rasa wanne na fi tsoro, in tarar ya dawo da ita, ko in tarar bai dawo da ita ba saboda ya riga ya same ta a jikina.

Na yi tunanin gaya wa yayansa, wanda shi ya riƙe shi bayan ɓatan mahaifinsu, amma mutum ne mai zafi, zai iya tara dangi a kansa, kuma na san Nasir, kunyar za ta iya karya shi gaba ɗaya. Ta ina ma zan fara yi wa babba bayanin wannan abu? In na gaya wa Mama, ko dai ta ce aljanu ne a nemo mai ruƙiyya, ko ta ce in gode Allah tunda ba matan waje yake bi ba, ga shi kuma an samu ciki. Na yi tunanin in koma gida har in haihu ko kaina zai dawo daidai, sai kuma in tuna in na bar shi shi kaɗai a ɗakin nan da laftof na san abin da zai faru. Na yi tunanin in daina kwaikwayon kawai in koma yadda nake, amma ina tsoron mu koma gidan jiya, shi yana kallon bango ni ina kallon silin. Kuma ina son shi, wannan ne ya sa komai ya yi min wuya.

Malamai na cikin gidan nan, abin da nake yi yaudara ce, ina da zunubi? Matan da suka daɗe a aure, akwai wadda mijinta ya taɓa fita daga irin wannan ya dawo mata ita kanta? Maza masu irin wannan jarrabawar, ku gaya min gaskiya ko da ta hannun admin ne, in matarku ta zaunar da ku ta faɗi duk abin da na faɗa a nan, zai taimaka ko zai ƙara kore ku? In kuma akwai wanda ya san likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba ma'aurata shawara a Jos, wanda ya fahimci irin wannan kuma yake riƙe sirri, ya bar wa admin saƙo. Roƙona ɗaya, kar ku zage shi, yaro ne ƙarami lokacin da aka fara miƙa masa wayar nan.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru shi ne, shekaranjiya na je awo, nas ɗin take gaya mana cewa nan gaba kaɗan abin da ke ciki zai fara jin muryar uwarsa, mu riƙa yi masa magana don ya saba da mu. Sauran matan suna ta dariya suna shafa ciki. Na dawo gida, Nasir ya fita buga aiki, na zauna a bakin gado na ɗora hannu a cikina na buɗe baki zan yi masa sallama, sai na rasa da wace murya zan yi.

Don Allah me zan yi?